Netflix ne ya kore mutane daga sinima, ko gajiya aka yi da manyan finafinai?

Tambayar da aka yi min ita ce: "Malam, ina yawan jin cewa gidajen sinima a Amurka da Turai ba sa cika kamar da, kuma finafinan da ake kashe wa ɗaruruwan miliyoyin daloli ba sa mayar da kuɗinsu. Shin Netflix da ire-irensa ne suka jawo haka, ko kuwa mutane ne suka gaji da finafinan Marvel da makamantansu?"

Ɗan'uwa, duka biyun da ka ambata suna da hannu a ciki. Amma ni da na daɗe ina bibiyar kasuwar fim, abin da na fi gani shi ne sabo ne ya yanke. A da akwai mutumin da in Juma'a ta yi da yamma sai ya ɗauki matarsa ko abokinsa su nufi sinima, sai sun isa ƙofa sannan su duba abin da ake haskawa su zaɓa. Shi ne yake riƙe da gidajen kallo a tsawon shekara, kuma shi ne aka rasa. Wanda ya rage yanzu shi ne mai zuwa sau biyu ko uku a shekara, in an yi wani fim da duk gari ke maganarsa. Kuma kamfanonin Hollywood da hannunsu suka taimaka wajen korar wancan na farkon.

Mu fara da alƙaluma, domin nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. A Amurka da Kanada an sayar da tikiti kimanin biliyan 1.57 a shekarar 2002, kuma tun daga nan ba a ƙara kaiwa haka ba. Netflix kuwa bai fara nuna fim ta intanet ba sai 2007, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya yi ƙarfi. Ka ga ke nan gangarowar ta riga shi farawa. Zuwa 2019 tikitin ya sauko kimanin biliyan 1.24, alhali yawan jama'a ƙaruwa ya yi. Abin da ya rufe idon masu harkar shi ne kuɗi: a 2018 an tara kusan dala biliyan 11.9, wanda ba a taɓa samu ba, a 2019 kuma biliyan 11.4. Kuɗi na hawa saboda ana ƙara farashin tikiti, kujeru kuwa suna ƙara zama wayam. Da annobar korona ta zo a 2020 kasuwar ta faɗi zuwa dala biliyan biyu da 'yan kai. Ta farfaɗo zuwa kusan biliyan 9 a 2023, ta ɗan sauka zuwa wajen 8.7 a 2024. In ka ƙirga mutane maimakon daloli, tikitin waɗannan shekaru biyu bai kai miliyan 900 a kowace ba. Wato cikin duk mutum uku da ke sayen tikiti kafin korona, kusan ɗaya bai dawo ba.

Wannan ba shi ne karo na farko da sinima ta rasa jama'a ba. A 1946 zuwa sinima abin kowane mako ne a Amurka, sai talabijin ta shiga gidaje ta kwashe kusan rabin 'yan kallo cikin shekaru kaɗan. Maganin da kamfanoni suka nemo a lokacin shi ne su yi abin da akwatin talabijin ba zai iya ba: allo mai faɗi, launi, dubban 'yan wasa, kasafi mai nauyi. Cleopatra na 1963 ya kusa durƙusar da kamfanin Fox saboda tsadarsa. Daga baya Jaws na 1975 da Star Wars na 1977 suka koya musu cewa fim ɗaya, in aka haska shi a ko'ina aka cika gari da talla, zai iya ciyar da kamfani shekara guda. Tun daga nan duk lokacin da wata barazana ta taso, amsarsu ɗaya ce: a ƙara girma.

To amma har zuwa wajen 2005 akwai abin da ke daidaita lamarin, wato faifan DVD. Wannan shi ne gaɓar da na fi so ka riƙe. A wancan lokacin furodusa zai iya kashe dala miliyan 30 ko 40 a fim ɗin soyayya, ko barkwanci, ko shari'a a kotu, ko binciken kisan kai. In bai mayar da kuɗinsa a sinima ba, bayan 'yan watanni faifai zai fito ya cike giɓin, har a ci riba. Irin waɗannan matsakaitan finafinai su ne abincin mai zuwa kullum. Su ne ke sa kowane mako a samu sabon abu ga dattijo, da budurwa, da ma'aikacin da ya tashi daga ofis. Da kasuwar faifai ta mutu, sai wannan kariyar ta tafi. Kamfanoni suka duba suka ga fim ɗin miliyan 40 ya zama kasada, domin tallarsa kaɗai za ta iya cin kwatankwacin kasafinsa, kuma barkwancin Amurka ba ya sayuwa a Chaina ko Brazil kamar yadda faɗa da fashe-fashe ke sayuwa. Sai suka tattara kuɗinsu suka zuba a finafinai kaɗan masu suna sananne. Matsakaitan kuma suka koma wajen Netflix da Amazon, waɗanda suka karɓe su hannu bibbiyu.

Abin ya yi kama da mai sayar da tuwo da ta daina girkin yau da kullum ta ce sai ranar biki kawai za ta ɗora tukunya. Ranar bikin za ka ga layi har bakin titi, amma masu zuwa cin abincin rana kullum sun riga sun samu wani wurin, kuma hayar shago ba ta jiran ranar biki.

Ga yadda lissafin babban fim yake, don ka ga me ya sa ake kiran fim ɗin da ya tara dala miliyan 400 da sunan asara. A ce an kashe miliyan 250 wajen shirya shi. A ƙara aƙalla miliyan 100 na talla a faɗin duniya, sau da yawa ma ya fi haka. An kai 350. Kuɗin tikiti kuma ba duka ke komawa ga kamfani ba: a Amurka gidan sinima na riƙe kusan rabi, a ƙasashen waje kason kamfani ya fi haka ƙanƙanta, a Chaina kuwa wajen kashi 25 cikin ɗari kawai yake samu. Saboda haka sai fim ɗin ya tara wajen miliyan 700 kafin a fara maganar an fita kunya. Fim ɗin Indiana Jones na 2023 ya tara kimanin miliyan 384, amma kasafinsa ya kai wajen miliyan 300, don haka asara ce mai yawa. Wanda ya kashe irin wannan kuɗi ba zai yarda a gwada sabon abu ba. Zai nemi labarin da aka sani, jarumin da aka sani, ƙarshen da ba zai ɓata wa kowa rai ba. Daga nan gajiyar da kake magana ta samo asali. Darakta Steven Spielberg ya faɗi haka tun 2013 a wata jami'a a Kalifoniya, cewa rana na zuwa da manyan finafinai da yawa za su faɗi a jere su girgiza masana'antar.

Sai maganar wa'adi, wadda a ganina ita ce ta fi komai ɓarna cikin 'yan shekarun nan. Shekara da shekaru akwai fahimtar cewa fim zai yi kimanin kwana 90 a sinima kafin a same shi a gida. A Afrilun 2020, gidajen kallo na rufe, Universal ya saki Trolls World Tour kai tsaye ga masu haya ta intanet. AMC, wanda ya fi kowa yawan gidajen sinima a Amurka, ya fusata har ya ce ya daina haska finafinan kamfanin, amma a Yulin shekarar suka sasanta a kan kwana 17 kacal. A Disamba kuma Warner Bros. ya sanar cewa duk finafinansa na 2021 za su fito a sinima da manhajarsa ta HBO Max rana ɗaya. Darakta Christopher Nolan, wanda ya shafe kusan shekara 20 yana aiki da su, ya soki matakin a fili, kuma fim ɗinsa na gaba wajen Universal ya kai shi. 'Yar wasa Scarlett Johansson ta kai Disney kotu a Yulin 2021 saboda an saki Black Widow a Disney+ rana ɗaya da sinima, daga baya aka sasanta. Annoba ta wuce, amma kwana 90 bai dawo ba. Yanzu yawanci kwana 45 ne ko ƙasa da haka.

Ka sa kanka a matsayin magidanci mai mata da 'ya'ya biyu a wani gari na Amurka. Tikiti ya haura dala goma, mutum huɗu sun tashi sama da dala 40. Ga gugguru da lemo, waɗanda su ne ainihin ribar gidan sinima shi ya sa ake tsauwala musu kuɗi. Ga man mota. Kafin ya dawo gida ya kashe dala 70 ko 80 a fim ɗaya. Kuɗin Netflix na wata guda kuwa, tsarin da yawancin mutane ke biya, bai kai dala 20 ba. Sannan ya san in ya yi haƙurin wata ɗaya da rabi fim ɗin zai same shi a falo, a babbar talabijin da ta yi arha, inda zai iya tsayar da shi in yaro ya yi kuka. Ba sai an yi masa wa'azi ba, zai jira. Disney ya ga sakamakon wannan a jikinsa. Ya tura finafinai uku na Pixar, kamfaninsa na finafinan zane, a jere, Soul da Luca da Turning Red, kai tsaye zuwa Disney+, iyaye suka saba cewa fim ɗin yara a gida ake kallonsa. Da ya mayar da Lightyear sinima a 2022 sai jama'a suka ƙi fitowa. An gudu daga gara an faɗa gidan zago: kusan kowane kamfani ya ruga ya buɗe manhajarsa don kada Netflix ya cinye shi, suka yi asarar biliyoyi a manhajojin, suka kuma raunana kasuwar da ke ba su kuɗi a dunƙule.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a cika lura da shi ba. Tallar fim mafi tasiri ita ce wadda ake nunawa a cikin sinima kafin fim ya fara. Mutum ya zo kallon wannan, ya ga tallar wancan a babban allo, ya ce wa na kusa da shi "wannan sai mun dawo." Wanda ya yi wata shida bai shiga sinima ba bai ga tallar ba, bai ma san fim ɗin ya fito ba. Haka sarƙar ke tsinkewa, kowane rashin zuwa yana haifar da wani.

Yanzu ga maganar gajiya. Gaskiya ce, kuma Marvel, kamfanin finafinan jarumai masu ƙarfin ban mamaki, shi ne misalinta mafi bayyana. Avengers: Endgame na 2019 ya tara kusan dala biliyan 2.8, domin ƙarshen labari ne da aka shafe shekara 11 ana ginawa. Bayan nan sai Disney, wanda ya mallaki Marvel, ya buƙaci abin da zai cika sabuwar manhajarsa, aka shiga fitar da finafinai da masu dogon zango ba ƙaƙƙautawa, duk a sarƙe da juna. Aka kai matsayin da ba za ka gane fim ɗin sinima ba sai ka kalli shirye-shirye biyu ko uku a gida tukuna. Nishaɗi ya koma jinga. Ant-Man na farkon 2023 ya buɗe da ƙarfi, amma a mako na biyu cinikinsa a Amurka ya faɗi da kusan kashi 70 cikin ɗari, alamar waɗanda suka fara gani sun koma sun hana 'yan'uwansu. The Marvels na ƙarshen shekarar ya tsaya a wajen miliyan 206, mafi ƙaranci a tarihin finafinan Marvel ɗin nan. The Flash na abokan hamayyarsu bai kai miliyan 300 ba. Joker na farko ya haura biliyan ɗaya a 2019, na biyunsa a 2024 ya tsaya a miliyan 200 da 'yan kai. Shugaban Disney, Bob Iger, da bakinsa ya yarda cewa yawan ya rage inganci, ya kuma ce za a rage adadin abin da Marvel ke fitarwa a shekara.

Sai dai kada ka ɗauka mutane sun daina son babban fim. Top Gun: Maverick, wanda aka ƙi sayar wa manhajoji aka jira har 2022, ya tara kusan biliyan 1.5. Avatar na biyu ya haura biliyan 2.3. A ranar 21 ga Yulin 2023 Barbie da Oppenheimer suka fito tare. Na farko ya haura biliyan 1.4, na biyun kuma, fim mai awa uku a kan masanin kimiyyar da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya, yawancinsa mutane ne zaune suna magana, ya haura miliyan 950. A 2024 Inside Out 2 ya kusa biliyan 1.7, Deadpool & Wolverine, wanda shi ma na Marvel ne, ya haura 1.3. Har ma in ka duba finafinai goma da suka fi ciniki a Amurka a 2024, duk ci gaban wani tsohon fim ne in ban da Wicked, shi ma daga sanannen wasan dandamali aka ɗauko shi. Wannan ne ke sa shugabannin kamfanoni su ce ai jama'a abin da suka sani suke so. Ni kuma ina ganin sun karanta alƙaluman a juye. Mutumin da zai je sinima sau biyu a shekara dole ya zaɓi abin da yake da tabbas a kansa. Da yana zuwa sau goma, da ya gwada baƙon fim. Abin da 'yan kallo suka daina yafewa shi ne babban fim mai lami, wanda a 2015 da sun shiga sun kalla don kawai suna wurin.

Ga kuma ƙarancin kaya. Disney ya sayi Fox a 2019 a kan dala biliyan 71, manyan kamfanoni shida suka koma biyar, finafinan da Fox ke fitarwa a shekara suka ragu sosai. A 2023 marubuta suka yi yajin aiki na kwana 148, 'yan wasa na kwana 118, aiki ya tsaya cak, aka ɗage finafinai irin su Dune na biyu zuwa 2024. Gidan sinima mai ɗakuna goma sha biyu ba zai rayu da fim biyu ba. Cineworld, mai gidajen Regal a Amurka, ya nemi kariyar kotu saboda bashi a Satumbar 2022. Su ma masu gidajen suna da nasu laifin, kuma ina faɗar haka ne a matsayin mai son su rayu: a sa mutum ya zauna minti 20 ko fiye yana kallon tallace-tallace bayan ya biya kuɗi, ga hasken wayoyi a cikin duhu ba mai tsawatarwa, ga majigi mai dishi-dishi. Wuraren da suka gyara, musamman masu ƙaton allon nan da ake kira IMAX, su ne ke samun jama'a ko da tikitinsu ya fi tsada.

Hujjata mafi ƙarfi cewa ba fasaha kaɗai ce ke yanke hukunci ba ita ce Faransa. Su ma suna da Netflix, suna da wayoyi. Amma doka ce ta tsara wa'adi a can: bisa yarjejeniyar 2022, Netflix sai ya jira wata 15 kafin ya nuna fim ɗin da ya fito a sinima. Sannan ana cire kaso fiye da goma cikin ɗari daga kowane tikiti, har na finafinan Amurka, hukumar fim ta ƙasar ta mayar da shi wajen shirya finafinan gida da gyara gidajen kallo. A 2019 sun sayar da tikiti miliyan 213, a 2024 kuma miliyan 181, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na finafinan Faransa ne, yawancinsu irin matsakaitan nan da Hollywood ta watsar. Sun ragu, amma ba kamar Amurka ba. Koriya ta Kudu kuwa, inda farashin tikiti ya yi ta hawa bayan korona kuma manyan 'yan wasa da daraktoci suka karkata ga manhajoji, ta faɗo daga sama da miliyan 220 a 2019 zuwa miliyan 120 da 'yan kai.

Mu ma a nan mun ga wani yanki na wannan labari da idonmu, ko da yake hanyarmu daban ce. Gidaje irin su Plaza da Orion da Eldorado a Kano sun yi tashe da finafinan Indiya da na Chaina, kaset ya zo ya kwashe musu jama'a, ga shi dama al'umma ba ta taɓa sakin jiki da gidan silima a matsayin wurin zuwan iyali ba. Kannywood a kan kaset aka haife ta a 1990. Amma ka tuna abin da ya faru da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu saboda satar fasaha da masu tura fim a waya: furodusa mai matsakaicin jari shi ya fara durƙushewa, daidai yadda mutuwar DVD ta yi a Hollywood. An gwada haska finafinan Hausa a sinimar Ado Bayero Mall, kuma lokacin sallah ne aka fi samun jama'a. Yawancin masu harkar suka koma dogon zango a YouTube da Arewa24, inda ɗan kallo ke dawowa kowane mako.

Ban ga alamar sinima za ta mutu ba, amma ban ga za ta koma yadda take a 2002 ba, kuma tsorona shi ne ta zama wurin masu hali a manyan birane, ƙananan garuruwa su rasa nasu. In kana son sanin inda aka dosa, kada babban cinikin fim ɗaya ya ruɗe ka. Ka riƙa duba tsawon wa'adi da yawan finafinan da ake saki a shekara. A 2025 ƙungiyar masu gidajen sinima ta Amurka ta fito tana neman a tsayar da aƙalla kwana 45 ga kowane fim, shi kuma Ted Sarandos, ɗaya daga shugabannin Netflix, a shekarar ya ce ga yawancin mutane zuwa sinima tsohon yayi ne. Wannan jayayya ba a gama ta ba. Netflix ba shi da abin da zai rasa in gidajen kallo sun rufe. Disney da Warner da Universal da Paramount da Sony kuwa suna da shi, domin har yau fim ɗin da ya yi suna a sinima shi ne ya fi jan masu kallo idan ya isa manhaja, kuma su ne ke da ikon tsawaita wa'adin da kuma dawo da fim ɗin miliyan 40.